Shayin Duwatsun Wuyi: Yadda Ake Haɗa Shi, da Yadda Ake Gane Mai Kyau

Ranar da ƙunshin wannan shayi ya fara shigowa hannuna, abin da na saba yi wa kowane ganyen shayi shi na yi masa. Na juye shi a buta, na ɗora a kan garwashi, na bar shi yana ta tafasa kamar ataya, sannan na kawo sukari na zuba. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin, ga ɗaci ga ƙauri, kamar an jiƙa gawayi an tace. Na ce lallai an cuce ni. Sai daga baya na gane babu wanda ya cuce ni, ni ne na cuci ganyen.

Sinawa suna kiran sa yancha, ma'ana shayin dutse. Gidansa duwatsun Wuyi ne, a arewacin lardin Fujian na ƙasar Sin, dab da iyakar lardin Jiangxi. Wuri ne na jajayen duwatsu masu tsayi, da kwazazzabai, da ƙoramu, da hazo, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren gadon duniya a 1999. Itatuwan shayin suna tsiro ne a ƙananan lunguna tsakanin duwatsun, a kan ƙasa mai tsakuwa da ta samu daga marmashewar dutsen kansa, inda rana ba ta daɗewa kafin inuwar dutse ta rufe su.

Ba sai ka san tarihinsa duka kafin ka sha ba, amma sai ka san abin da aka yi wa ganyen, don daga nan ne duk dokokin haɗa shi suka fito.

Abin da aka yi wa ganyen kafin ya iso gare ka

Yancha yana cikin dangin shayin oolong, wanda ke tsakanin koren shayi da baƙin shayi. Ka san yadda farin goro yake rinewa idan ka fasa shi ka ajiye a iska? Ganyen shayi ma haka yake idan aka ƙuje shi. Koren shayi, irin wanda ake ataya da shi, ana hana shi rinewa tun da wuri. Baƙin shayi ana barin sa ya rine gaba ɗaya. Oolong kuwa ana tsayar da shi a hanya. A Wuyi ana tsinkar ganye daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, kuma ba toho ake nema ba, ganye uku zuwa huɗu da suka riga suka buɗe ake cira. A shanya shi ya yi laushi, a girgiza shi a faifan gora ko a ganga mai juyawa, a bar shi ya huta, a sake girgizawa, haka za a kwana ana yi har bakin ganyen ya yi ja. Sannan a ba shi zafi mai ƙarfi don rinewar ta tsaya, a murɗe shi, a busar, a tsince karare.

Sai gashi, wato gasa ganyen, wanda shi ne ya bambanta shi da sauran 'yan'uwansa. A al'adance ana lulluɓe garwashin gawayi da toka don kada harshen wuta ko hayaƙi ya taɓa ganyen, a ɗora kwandon gora a sama, a bar ganyen sa'o'i masu yawa ana juya shi. A sauke ya huta makonni, a sake mayar da shi. Wani sau biyu, wani sau uku. Shi ya sa ganyen da aka tsinka a Mayu ba ya shiga kasuwa sai watanni sun shuɗe. Akwai mai ƙaramin gashi, akwai matsakaici, akwai cikakke, kuma yanzu da yawa da tanderun lantarki ake gasa su maimakon gawayi.

Abin da nake so ka riƙe daga nan shi ne, gashi riga ce kawai aka sa wa shayin. Mai kyau da maras kyau duk suna iya sa riga iri ɗaya. Aikinka duka, daga ɗumama kwano zuwa zubi na ƙarshe, shi ne ka ga abin da ke cikin rigar.

Wanne za ka saya?

Sunan da ya fi tashe shi ne Da Hong Pao, wato babbar jar riga. Asalin itatuwansa shida suna nan a jikin wani dutse a wurin da ake kira Jiulongke, kuma tun 2006 aka hana tsinkar ganyensu. Don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da ganyen waɗannan itatuwa, ka riƙe kuɗinka. Yawancin abin da ake sayarwa da wannan suna gauraye ne na iri daban-daban, kuma ba laifi ba ne, gauraye mai kyau yana da daɗi. Sai dai ga mai koyo ba shi ne mafari mafi sauƙi ba, don ba ka san ɗanɗanon wane ganye kake ji ba.

Ni shawarata ka fara da biyun da suka fi yawa a gonakin Wuyi, wato Rou Gui da Shui Xian. Mutanen wurin suna cewa a ƙamshi babu kamar Rou Gui, a taushin ruwa babu kamar Shui Xian. Rou Gui sunan kirfa ne a Sinanci, kuma yana da kaifi da ɗan yaji-yaji da ke taɓa harshe, ba don an sa masa kirfa ba. Shui Xian ruwansa ya fi kauri da sanyin hali, musamman na tsofaffin itatuwa da ake kira lao cong, mai ƙamshin itace da jiƙaƙƙen daji. Ka sayi kaɗan-kaɗan na kowanne, ka sha su a jere, bakinka zai koyi abin da bayani ba zai koya maka ba.

Za ka kuma ci karo da kalmar zhengyan, wato ganyen da ya fito daga tsakiyar yankin duwatsun, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Rou Gui na kwarin Niulan Keng har laƙabi gare shi, "naman sa", na Matouyan kuma "naman doki", saboda wasa da kalmomin sunayensu. Kwarin Niulan Keng ɗan ƙarami ne, amma ƙunshin da ke ɗauke da sunansa ya cika kasuwa. Ka yi lissafin da kanka. Maimakon ka bi suna, tambayi mai sayarwa abu uku: wane iri ne, na wace shekara ne, kuma yaushe aka yi masa gashin ƙarshe.

Kayan aiki da ruwa

Abin da aka fi amfani da shi shi ne gaiwan, ɗan kwanon tangaran mai murfi wanda ke cin ruwa kamar mililita 110. Farin tangaran ya fi, don ba ya riƙe wari kuma kana ganin launin ruwan sosai. In ba ka da shi, ƙaramar butar tangaran ko ta gilashi za ta yi, muddin tana tsiyaye ruwa da sauri. Butar da aka saba dafa ataya ko shayin citta da kanumfari a ciki, a bar ta a gefe. Sannan ɗan jug da za ka riƙa juye shayin a ciki kafin rabawa, don kowa ya sami ƙarfi iri ɗaya, da finjali biyu ko uku, da kwanon zubar da ruwan wanki. Ƙaramin sikelin giram yana taimakawa, ko da yake yancha yakan zo a 'yan ƙunshi na kusan giram 8, daidai zama ɗaya.

Ruwa kuwa, a nan mutane da yawa ke asarar ganye mai tsada. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri, irin wanda ke barin farin dabbare a gindin buta, yana dushe ƙamshi ya sa shayin ya yi duhu. Ruwan famfo mai warin magani ma haka. Ka nemi ruwan gora maras ɗanɗano. In kana shakka, ka tafasa ruwan, ka bari ya huce, ka kurɓa shi zalla. Duk abin da ka ji a ciki, za ka ji shi a shayin.

Kuma ruwan ya tafasa sosai, ba ɗumi ba. Wannan ganye ya riga ya sha wuta, ruwan da bai kai ba ba ya buɗe shi. A kowane zubi ka mayar da butar kan wuta ta sake tafasa. Wanda ke zaune a tudu kamar Jos, inda ruwa ke tafasa tun bai kai digiri 100 ba, sai ya ƙara kula da ɗumama kayansa.

Haɗawar kanta

Da farko ka cika gaiwan da tafasasshen ruwa, ka juye a jug, daga jug zuwa finjali, ka zubar. Yanzu kwanon ya ɗau zafi. Ka zuba busasshen ganyen a ciki, ka rufe, ka ɗan girgiza sau biyu ko uku, ka buɗe murfin kaɗan ka kai hanci. Wannan shi ne gaisuwarku ta farko. Ganye mai kyau zai ba ka gardi kamar na gyaɗar da aka soya da yashi, ko ƙamshin sukarin da ya fara ƙonewa, wani lokaci da ɗan ƙamshin busasshen 'ya'yan itace a ƙarƙashi. In ka ji warin toka, ko tsami, ko warin ɗaki mai danshi, ka riƙe shi a ranka.

Giram 8 a kwanon mililita 110 zai cika fiye da rabinsa, domin ganyen dogo ne murɗaɗɗe. Kada ka danna shi, kada ka kakkarya. In bakinka bai saba da shayi mai ƙarfi ba, ka fara da giram 5 ko 6, babu abin kunya a ciki.

Sai wanki. Ka zuba ruwa ya rufe ganyen, ka tsiyaye nan take. Wasu suna zubar da wannan ruwa, wasu suna ajiye shi a finjali su sha a ƙarshe bayan ya huce, su kwatanta shi da zubin ƙarshe. Ni ina cikin masu ajiyewa in na yarda da ganyen.

Yanzu zubi na farko, kuma a nan ne hannu ke aiki. Ka zuba ruwan a hankali ta gefen kwanon kana zagayawa, kada ka cika shi maƙil, ka bar leɓen kwanon a bushe don nan ne za ka riƙe. Ka ɗora murfin a ɗan karkace yadda zai bar siririyar ƙofa, wadda ruwa zai fita amma ganye ba zai bi ba. Babban yatsa da na tsakiya su kama leɓen kwanon daga gefe da gefe, manuni ya danne kan murfin. Ka karkata gaba ɗaya a lokaci guda, ba tare da jinkiri ba. Mai jin tsoro shi ne ke ƙonewa, don idan ka karkata rabi-rabi ruwan yana bin jikin kwanon ya sauka a yatsunka. Na yi sati guda da tabo a babban yatsa kafin in yarda da wannan. Ka gwada da ruwan sanyi sau goma tukuna.

Lokacin da ruwa zai yi a kan ganyen a zubi uku na farko bai wuce daƙiƙa 5 zuwa 10 ba. Ga wanda ya tashi da shayin da ake barin sa a wuta har a gama hira, wannan kamar wasa ne. Amma ka tuna ganyen yana da yawa, ruwan kaɗan ne. Sannan ka tsiyaye shi tas, har ɗigon ƙarshe. Ruwan da ya rage a gindin kwano yana ci gaba da jiƙa ganyen, shi ne zai jawo maka ɗaci a zubi na gaba. Ni nakan kuma ɗan jingine murfin a gefe tsakanin zubi da zubi, don kada tururi ya dafa ganyen.

Daga zubi na huɗu ka fara ƙara lokaci, daƙiƙa 15, sai 20, sai 30. Daga na bakwai ka ba shi minti ɗaya ko fiye. Ba doka ba ce da aka sassaƙa a dutse. Launin ruwan ne zai yi maka jagora: in ya fara kodewa daga ja mai duhu zuwa ruwan zuma, ka ƙara masa lokaci. Ganye mai kyau yana kai zubi bakwai zuwa goma.

Sukari da madara ba su da wurin zama a nan. Ba don girman kai ba, sai don za su rufe ainihin abin da ka biya kuɗi dominsa.

Yadda ake ɗanɗanawa

Kafin ka sha, ka ɗaga murfin gaiwan ka shinshina cikinsa. Ka yi haka a kowane zubi, domin a murfi ne ake fara ganin rigar tana zamewa. A zubi na farko da na biyu wuta ce ke magana. Wajen na uku ko na huɗu sai ka ji wani abu ya fara leƙowa daga ƙarƙashi, ƙamshin fure, ko na 'ya'yan itace, ko kaifin nan na Rou Gui. Sinawa suna taƙaita kyakkyawan yancha da cewa ƙashin dutse, ƙamshin fure.

Sai kurɓa. A Wuyi ana zuƙar shayi da ƙara, a ja shi tare da iska ya watsu ko'ina a baki. Abin da a gida za a harare ka a kai, can shi ne daidai. Ka riƙe shi kaɗan, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Ƙamshin da ya dawo ta nan ya fi wanda ka ji a murfi gaya maka gaskiya, don yana nuna cewa ƙamshin ya shiga cikin ruwan, ba a sama kawai yake yawo ba.

Ka lura da nauyin ruwan a harshe. Akwai shayin da ke wucewa kamar ruwan zafi mai launi, akwai wanda ke da jiki, kamar romo maras mai. Sannan ka jira. Ɗan ɗaci da ɗan bauri ba aibu ba ne a zubin farko, abin tambaya shi ne ko suna narkewa. Duk mai cin goro ya san yadda ruwa ke yin zaƙi a baki bayan ɗacin ya wuce. Wannan dawowar zaƙi ita Sinawa ke kira hui gan, kuma a shayi mai kyau tana zuwa da sauri, ta sauka har maƙogwaro, ta tsinko yawu a gefen harshe. In ɗacin ya zauna daram, ko ka ji maƙogwaronka ya bushe ya ɗaure kamar ka shaƙi ƙura, to akwai matsala a ganyen ko a gashin.

Idan ka shanye, kada ka yi saurin ajiye finjalin. Ka bari ya ɗan huce ka shinshina gindinsa. Sau da yawa a nan ne ƙamshi mafi daɗi yake maƙalewa, kamar na zuma.

Akwai kalmar da za ka ji har ka gaji, yan yun, wadda ake fassarawa da amon dutse. Masu sayarwa sun mayar da ita kamar kirari, kowane ƙunshi da ita ake tallarsa. Ni ga abin da na ɗauke ta: ka kai zubi na biyar ko na shida, warin wuta ya tafi, sannan ka ga ko akwai sauran shayi a kwanon. In ruwan yana nan da kaurinsa, akwai wani sanyi-sanyi kamar na jiƙaƙƙen dutse bayan ruwan farko, kuma minti goma bayan ka haɗiye bakinka bai manta ba, to ka same shi. In kuwa da wutar ta tafi komai ya tafi, ruwan ya zama salam, to riga kawai aka sayar maka. Gashi mai nauyi hanya ce sananniya ta ɓoye ganye maras ƙarfi, shi ya sa ba na yanke wa yancha hukunci a zubi biyun farko, komai daɗinsu.

In kana so ka tona asirin ganye

Masu tantance shayin oolong a ƙasar Sin suna da hanyar da ba ta da tausayi: giram 5 a kwanon mililita 110, tafasasshen ruwa, zubi na farko minti 2, na biyu minti 3, na uku minti 5. Ba don daɗi ake yin haka ba. Duk aibin da saurin hannu ke ɓoyewa, doguwar jiƙa tana fito da shi. Ganye mai kyau zai yi ƙarfi sosai amma ya shawu, maras kyau kuwa zai yi tsami ko ƙauri ko baurin da ke kama harshe. Kafin ka sayi da yawa, ka sadaukar da ƙunshi ɗaya ga wannan gwaji.

Bayan an gama, ka juye ganyen a faranti ka taɓa da yatsa. Wanda aka gasa da kyau yana da laushi, yana miƙewa ba tare da ya karye ba, kuma a mai cikakken gashi za ka ga 'yan ƙuraje a bayansa waɗanda ake kira bayan kwaɗo. A mai ƙaramin gashi kana iya ganin koren tsakiya da jan baki. Wanda ya tsaya baƙi, ƙandararre, yana marmashewa, wuta ta cinye shi.

Wani lokaci kuma laifin ba na ganyen ba ne, sauri aka yi masa. Shayin da bai daɗe da sauka daga gashi ba yana da zafin wuta da ke busar da baki. Ka rufe shi ka manta da shi wata biyu ko uku, mai cikakken gashi ma fiye da haka, sannan ka sake gwadawa. Akasin haka shi ne mai ƙaramin gashi da ya daɗe a ajiye ko ya sha danshi, sai ka ji warin ɗanyen ganye da ɗan tsami sun dawo. Wannan ba jira yake so ba, a shanye shi da wuri ya fi.

Ajiya, da abu biyu na ƙarshe

Ba ya bukatar firji. Abin da yake so shi ne a rufe shi ruf a ƙunshinsa, a sa a gwangwani mai murfi, nesa da rana da danshi, musamman da damina. Ganyen shayi yana zuƙar wari kamar soso, don haka kada ya kusanci daddawa da yaji a kicin, kada kuma ya kwana a ɗakin da ake turaren wuta. Ƙunshin da ka buɗe, ka gama da shi cikin 'yan kwanaki.

Kada ka sha shi da cikin da babu komai. Giram 8 ba wasa ba ne, yana iya sa jiri da rawar hannu, abin da Sinawa ke kira mayen shayi. Ka ajiye dabino ko biskit maras ƙamshi a kusa, amma ka bari sai bayan zubi na huɗu ko na biyar, don zaƙin dabino zai rufe maka na shayin. Mai wahalar barci kuma ya sha shi da hantsi.

Idan ganyen ya gaji, ka ba shi minti uku ruwan ya fito fari-fari, kada ka zubar tukuna, musamman in Shui Xian na tsofaffin itatuwa ne. Ka juye shi a tsaftatacciyar buta, ka zuba ruwa kamar kofi biyu, ka ɗora a wuta maras ƙarfi ya ɗan tafasa minti uku zuwa biyar. Ɗacin ya riga ya fita tun a zubin farko, abin da zai fito yanzu ruwa ne mai taushi da ɗan zaƙin itace, wanda za ka iya juyewa a babban kofi ka sha a tsaye kana wanke finjalai.